IDAN HADARI YA TASO MAIGIDA YANA KAN HANYA

 Wannan karon ba zancen farashi ko takardun kan iyaka na zo da shi ba, zancen gida ne, wato abin da iyali kan shiga idan damina ta kankama alhali mu muna can bayan tirela.

Duk wanda ya zauna a Parakou ko Djougou ya san hadarin farkon damina, wajen watan Afrilu zuwa Mayu, da kuma na ƙarshenta. Daga gabas yake tasowa, iska ce kan riga ruwa isowa, kuma ita ce mai ɓarna. Kwanon da ƙusarsa ta yi tsatsa, ko katakon da gara ta ci, ba ya jure ta. Wasu kan jera duwatsu da bulo a bisa kwano su ce sun danne shi, to ranar da iska ta fi ƙarfinsu, a kan yara suke faɗowa. Gara a sake ƙusa tun da rani, a ɗaure katakon rufi da waya a jikin gini. Shi kuwa ruwa, waɗanda suka ga shekarar 2010 ba su manta ba, lokacin da ambaliya ta shafi gundumomi 55 cikin 77 na ƙasar Benin, mutum kamar 680,000. A kuma ja wa yara kunne, kada su fake a gindin itace da dabbobi idan ana tsawa.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da kan biyo bayan ruwan. Idan ramuka suka cika, maciji da kunama sai su nemi busasshen wuri, kuma babu wurin da ya kai gidan bafatake daɗin zama a gare su. Mu ne masu tara buhunan dusa da harawa da karan dawa a zaure ko a lungun ɗaki saboda 'yan turke. Inda akwai dusa akwai ɓera, inda akwai ɓera maciji na tafe.

Ni kaina na gani a gidana, nan kusa da karar Guéma. Na ɗora shanu na bi su Najeriya, sai aka yi ruwa da iska cikin dare, kwanon ɗakin yara ya ɗaga. Uwargida ta kwashe su ta shimfiɗa musu tabarma a zaure, kusa da buhunan dusa. Da asuba wani abu ya sari ɗana mai shekara 11 a ƙafa. Aka ɗaure ƙafar da tsumma, aka tsaga wurin da reza, aka manna baƙin dutsen nan da ake sayarwa. Yaro ya sha koko, har yana hira, kowa ya ce an auna arziki. Wayata ba ta shiga sai washegari da la'asar, na ji muryarta tana rawa tana cewa, "Alhaji, jini ke fita a dasashinsa, wurin tsagar ma ya ƙi tsayawa." Na ce me kuke jira? Ta ce, "Kai muke jira." Allah ya yi yaron yana da sauran kwana, amma kalmar nan har yau tana ci mini rai, domin laifin nawa ne, ban bar izini ba, ban bar kuɗi ba.

Kububuwa ce ta sare shi, kuma ita ce ta fi kowane maciji sarar mutane a arewacin Benin da arewacin Najeriya. 'Yar ƙarama ce, da kyar take wuce kamu ɗaya, launinta kamar ƙasa, da dare take yawo, balle bayan an ɗauke ruwa. Yaudararta ita ce dafinta ba ya kayar da mutum nan take. Jini yake lalatawa, ya hana shi daskarewa. Sai mutum ya yi kwana ɗaya ko biyu yana ganin ya warke, alhali jini na tsiyaya a ciki, ya fito ta dasashi ko fitsari ko tsohon miki, wani lokaci ya zuba a ƙwaƙwalwa. Ka ga ke nan wanda ya tsaga wurin da reza ya buɗe wa jini ƙofa ne da hannunsa. Ɗaure ƙafa tamau kuma yana kashe naman, har ya kai ga yanke ta. Tsotsa ba ta fitar da dafi, baƙin dutse ma an gwada shi, ba ya jawo komai.

A asibiti akwai gwaji mai sauƙi. Za a ɗebi jini kaɗan a zuba a busasshiyar kwalba mai tsabta, a ajiye minti 20. Idan bai daskare ba, dafi ya shiga jiki, sai allurar maganin dafi ta jijiya. Mu masu dabbobi za mu so jin cewa daga jinin doki ko tunkiya ake samo wannan magani, bayan an saba wa dabbar da dafin kaɗan-kaɗan. An gwada irinsa a asibitocin arewacin Benin, aka buga sakamakon a 2007, ya nuna yana aiki. Matsalar dai ba kowane ƙaramin asibiti ke ajiye shi ba, kuma kwalba guda tana da tsada, ga shi wani sai ya ci biyu ko fiye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce saran maciji na kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a shekara, shi ya sa a 2017 ta sa shi cikin cututtukan da aka yi wa sakaci. 'Yan'uwanmu masu bin hanyar Gombe sun san asibitin Kaltungo da ya shahara a wannan aiki. Mu nan sai kowa ya je da ƙafarsa tun kafin ruwa ya sauka, ya tambaya a babban asibitin Parakou ko na Djougou, da kantin magani mafi kusa da shi, ya ji inda ake samu.

Abin da za a gaya wa iyali kaɗan ne. A kwantar da wanda aka sara, kada ya taka da ƙafarsa, a cire zobe ko awarwaro kafin kumburi, a ɗaura wa gaɓar sanda sako-sako don kada ta motsa, a ɗauke shi zuwa asibiti. Kada a ba shi asfirin ko ƙwayoyin ciwon jiki na masu talla, suna ƙara zubar jini, farasitamol ya isa. Kada a tsaya farautar macijin. Addu'a da tofi kuwa ba wanda ya hana, sai dai a yi su a bisa babur ana tafiya. Idan kumurci ne ya yi tsartuwa a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa sannan a tafi. Kunamar wajenmu galibi zafi ne kawai ga babba, ba kamar ta Agadez ba, amma ƙaramin yaro in ya fara gumi da amai ko numfashi sama-sama, a gaggauta da shi.

Tun daga wancan lokaci na fitar da dusa daga zaure, na yi mata rumfa a bayan gida a kan katako. Yara sun bar kwanan ƙasa, kowa gado da gidan sauro a cuse ƙarƙashin katifa, kuma ba mai fita bayan gida da dare ba tocila ba takalmi. Kafin in hau mota nakan bar wa uwargida kuɗin kwalba biyu daban da na cefane, da lambar wani mai babur maƙwabcinmu wanda muka yi magana da shi, da lambar dillalina a kara, wanda zai cika idan kuɗin bai kai ba, mu yi lissafi in na dawo. Na kuma faɗa mata a gaban ƙanena da manyan yara cewa in abu ya faru ta tafi asibiti tukuna, ta neme ni daga can.