Koyar da Ɗalibai Tantance Bayanin Amfani da Kamfas

Kamar yadda malaman labarin ƙasa suka sani, ɗaliban manyan makarantun sakandare kan haɗu da kamfas a darasin karanta taswira, wanda ke fitowa a jarrabawar WAEC da NECO. Kamfas ɗin da muke nufi a nan shi ne mai allura da ke nuna arewa, ba na cikin akwatin lissafi da ake zana da'ira da shi ba. Abin da muka lura shi ne, ɗalibi yakan haddace bayanin da ke cikin littafi ko takardar da ta zo da na'urar, ba tare da ya taɓa tambayar ko bayanin ya cika ba.

Saboda haka muna ba malamai shawarar su riƙa fita da ɗalibai filin makaranta. Ɗaya ya karanta umarnin da ƙarfi, ɗaya kuma ya aikata abin da ya ji kawai, ba ƙari ba ragi. Duk inda mai aikatawa ya tsaya yana inda-inda, to a nan marubucin ya tsallake wani mataki. Shin ya ce a riƙe kamfas a kwance a tafin hannu, a jira allura ta natsu? Shin ya yi gargaɗin a nisanci mota, ƙofar ƙarfe, wayar salula da wayoyin lantarki, waɗanda ke karkatar da allura?

Wurin da ya fi buƙatar lura shi ne kalmar "arewa". Allura tana bin arewar maganaɗisu ne, wadda ta bambanta da arewa ta ainihi, kuma ba ta zama wuri guda. A shekarar 1831 James Clark Ross ya same ta a arewacin Kanada, amma tun daga lokacin ta yi tafiya mai nisa zuwa wajen Saiberiya. Shi ya sa taswirar safiyo ke ɗauke da adadin bambancin a gefenta, tare da shekarar da aka auna shi. A Nijeriya bambancin kaɗan ne a yanzu, amma tsohuwar taswira na iya nuna adadin da ya daina aiki. Don haka ɗalibi ya fara duba shekarar da aka buga littafin da ƙasar da aka rubuta shi dominta.

Bugu da ƙari, akwai gwajin da ya shafi rayuwar yau da kullum. Fuskar kamfas digiri 360 ce, gabas kuma tana kan 90. Mutane da dama kan ce alƙibla ita ce gabas, alhali daga birnin Kano alƙibla tana wajen digiri 68 ne daga arewa. Malami na iya ba ɗalibai rubutu biyu kan neman alƙibla, su gwada kowanne a fili, sannan su rubuta wanda ya kai su daidai da kuma jimlar da ta ɓatar da su a ɗayan.