Ina Ne Birnin Kib?

Duk yaron da aka karanta wa Iliya Ɗan Maiƙarfi, a Kwaya ne ko a Daura, zai rantse Iliya ɗan ƙasarmu ne. Iyayensa manoma, dokinsa Kwalele, addu'arsa irin tamu. Malam Ahmadu Ingawa, mutumin ƙasar Katsina, shi ya rubuta littafin, aka buga shi a Zariya a farkon shekarun 1950. Sai dai akwai abin da ke tsaya wa mai karatu a rai. Bi ƙasar Hausa kaf, daga Damagaram har Zazzau, ba za ka sami gari mai suna Kib ba, kuma babu gidan sarautar da ya taɓa naɗa wani Waldima.

Sunayen nan biyu su ne bakin zaren. Kib shi ne Kiyef, babban birnin Yukiren na yau. Waldima kuwa Vladimir ne, sarkin birnin, wanda ya rasu a 1015. Da ka leƙa tsofaffin waƙoƙin jarumta na Rashawa, sai ga mutuminmu a tsaye: Iliya na Murom, ɗan manomi daga ƙauyen Karacharobo. Gurgu ya tashi, yana kwance bisa tandun ɗumama ɗaki har ya kai shekara 33. Ran nan iyayensa na gona, wasu baƙi matafiya suka tsaya bakin ƙofa suka roƙi abin sha. Ya ce ba ya iya tashi, suka ce tashi dai. Ya miƙe. Hatta ƙarshen labarin, inda jarumin ya zama dutse, yana cikin waƙoƙin can.

Yadda labarin ya ƙetaro ba abin mamaki ba ne. Tun 1886 Isabel Hapgood ta mayar da waƙoƙin Turanci, marubutan Zariya kuma sun saba ɗauko labarin waje su sa masa riga da hula, kamar yadda Abubakar Imam ya yi a Magana Jari Ce. A ganina Ingawa gwaninta ya nuna, domin tsara bayan tsara sun karanta littafin ba wanda ya ji ƙamshin baƙunta.

To, an yi Iliya da gaske?

A gidan ibadar Kirista na Pechersk da ke Kiyef akwai koguna na ƙarƙashin ƙasa inda gawarwakin sufayensu suka bushe ba su ruɓe ba. Ɗaya daga cikinsu ta wani Iliya ce, wanda ake cewa mayaƙi ne da ya ajiye takobi ya koma ibada, ya rasu wajen 1188. Cocinsu ta sa shi cikin waliyyanta a 1643. A 1988 likitoci suka duba gawar. Suka iske namiji ƙaƙƙarfa mai tsawon kusan santimita 177, dogo ke nan a zamaninsa, shekarunsa tsakanin 40 da 55, da rauni a hannun hagu da wani a ƙirji irin na sukar makami. Abin da ya fi girgiza ni shi ne ƙashin bayansa: akwai alamar tsohuwar cuta irin wadda kan hana mutum tafiya. Ashe gurguntar nan, da muke ɗauka gishirin labari ce, tana da shaida a jikin mutum.

Lissafin shekaru ne kawai ya ƙi daidaita, don Vladimir ya riga wannan Iliya rasuwa da fiye da shekara 170. Aikin mawaƙa ne, sun kwashe jaruman zamunna daban-daban sun zuba su a fada ɗaya.

Karacharobo kuwa yanzu unguwa ce a cikin birnin Murom, a gaɓar kogin Oka. Har yau akwai zuriyar da ke cewa ita ce jinin Iliya, suna nuna wurin da gidan iyayensa ya tsaya.