Karatu a ƙasar waje: Abubuwan da ya kamata ɗalibi ya auna kafin a sayar da gona

Daga Kuki zuwa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, tafiya ce ta kusa. Duk da haka, burin matasa da dama a yankin Dutsin-Ma da Kurfi shi ne su ƙetare. Yajin aikin wata takwas da ƙungiyar ASUU ta yi a 2022, da ƙarancin guraben karatun likitanci, da matsalar tsaro, duk sun ƙara wa wannan buri ƙarfi. Sai dai a gidan manomi, kuɗin irin wannan tafiya daga gona ko garke yake fitowa, kuma kuskure ɗaya kan cinye abin da aka tara shekara da shekaru.

Abu na farko shi ne sahihancin makarantar. A ƙarshen 2023, ɗan jarida Umar Audu na jaridar Daily Nigerian ya bankaɗo yadda ya samu digiri a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya shiga aji ba. A Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo, daga baya kuma ta ce jami'o'i takwas kacal ta amince da su a ƙasashen biyu. Hukuncin ya shafi har waɗanda suka yi karatu tsakani da Allah a makarantun da ba su shiga jerin ba. Don haka kafin a biya ko sisi, wajibi ne a tabbatar da matsayin makarantar a Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, domin ita ce ke tantance takardar kafin a tafi hidimar ƙasa. Wanda ya karanto likitanci kuwa sai ya ci jarrabawar hukumar MDCN kafin a ba shi lasisin aiki a Najeriya.

Na biyu shi ne canjin kuɗi. Kafin Yunin 2023, dala ɗaya tana kusan naira 460 a farashin gwamnati; zuwa farkon 2024 ta haura naira 1,500. Ke nan, kuɗin makarantar da bai ƙaru da ko dala ɗaya ba ya ninka sau uku a aljihun uba. Wannan ne ya rutsa da ɗaliban Najeriya a Jami'ar Teesside da ke Ingila a 2024, inda aka umarci wasunsu su bar ƙasar bayan sun kasa biyan kuɗi a kan lokaci. Lissafin da ya dace shi ne na dukkan shekarun karatun, haɗe da masauki, abinci, inshorar lafiya da tikitin dawowa. Rancen NELFUND ba zai cike giɓin ba, domin na ɗaliban makarantun gwamnati ne a cikin gida.

Na uku shi ne tallafin karatu. Gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta tura ɗalibai 41 Masar domin karatun likitanci, sannan wasu 68 zuwa Sin domin nazarin ƙirƙirarriyar basira da fasahar halittu. Dama ce ta gaske ga 'ya'yan talakawa, amma tallafin gwamnati yakan bi sauyin siyasa da na kasafin kuɗi. Ɗaliban shirin BEA na gwamnatin tarayya da ke Rasha, Maroko, Aljeriya da Hungari sun shafe watanni ba alawus, kuma a 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke shirin. Ya kamata ɗalibi ya ga a rubuce abin da tallafin ya ƙunsa, da tsawon lokacinsa, da sharaɗin aikin da zai yi wa jiha bayan ya dawo. Akwai kuma tallafin Chevening, Commonwealth da PTDF, waɗanda ake nema kai tsaye ba tare da dillali ba.

Na huɗu shi ne zaman lafiyar ƙasar. Sudan ta daɗe tana karɓar ɗaliban Arewa, musamman a Jami'ar Afirka da ke Khartoum. Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, sai da aka kwaso su a motoci zuwa iyakar Masar da Port Sudan. Irin haka ta faru a Yukren a 2022. Da yawa sun sha wahalar samun gurbi a gida saboda takardun sakamakonsu sun maƙale a can. Karɓar sakamakon kowane zango da adana kwafinsa a intanet kan ceci shekarun da aka ɓata.

Akwai kuma tambayar da ta shafi kowane ɗan jiha: ta yaya ake zaɓen waɗanda ake turawa da kuɗin al'umma, ɗalibai nawa ne daga ƙauyuka irin su Kuki suka shiga, kuma nawa ne daga cikin waɗanda aka tura a baya ke aiki a asibitocin Dutsin-Ma da Kurfi a yau? Amsoshin suna hannun Hukumar Bayar da Tallafin Karatu ta jihar da Majalisar Dokoki, kuma matasa na da 'yancin nema.