Ƙanƙarar Teku da Tsadar Jiragen Dakon Iskar Gas

A Maiduguri, ƙanƙara haja ce da ake rububinta a lokacin bazara. Amma a tekun Aktik, can ƙuryar arewacin duniya, ita ce babbar abokiyar gabar jiragen ruwa, kuma tana da hannu a farashin iskar gas ɗin da ke gogayya da ta Nijeriya a kasuwannin Turai.

Ta hanya biyu ƙanƙara ke yi wa jirgi illa. Idan ya yi karo da ita, ƙarfin bugun yakan taru a ɗan ƙaramin wuri, ya lotsa ƙarfe ko ya huda shi. Idan kuma iska ta kora filayen ƙanƙara suka haɗu, sai su matse jirgin ta gefe biyu. Ƙanƙarar da ta shekara biyu ko fiye ta fi tauri, domin gishirinta ya tsiyaye. Tsananin sanyi kuwa yana sa ƙarfe na yau da kullum saurin tsagewa. A Nuwamba 2007, jirgin yawon buɗe ido MS Explorer ya nutse kusa da Antatika bayan ƙanƙara ta huda shi, ko da yake an ceto mutane 154 da ke ciki.

Saboda irin wannan haɗari, Hukumar Sufurin Ruwa ta Duniya ta kafa dokar zirga-zirga a waɗannan tekuna, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2017. Ana kasa jiragen aji bakwai gwargwadon ƙarfin jikinsu. Jirgin da ya fi ƙarfi yana buƙatar ƙarfe mai kauri, haƙarƙari kusa da juna da babban inji, kuma duk wannan kuɗi ne.

Domin fitar da gas daga tashar Sabetta da ke Yamal ta Rasha, sai da aka ƙera jirage 15 na musamman a Koriya ta Kudu. Na farkonsu, Christophe de Margerie, mai tsawon mita 299, yana iya keta ƙanƙara mai kaurin mita 2.1. Kowanne ya ci fiye da dala miliyan 300.

Gas ɗin Bonny, wanda aka fara fitarwa a 1999, ba ya ratsa ƙanƙara, don haka jirgin dakonsa bai buƙatar wannan sulke. Rangwame ne da Allah Ya ba Nijeriya, amma ba zai amfane ta ba sai bututai sun tsira daga ɓarna, gas yana isa masana'anta a kan kari.