Mene ne jan-baki da ke addabar manoman Rima?

Da zarar shinkafa ta fara nuna a fadamun Wurno, Rabah da Goronyo, sai labarin jan-baki ya dawo. Ɗan tsuntsu ne mai nauyin kusan giram 20, amma babu tsuntsun daji da ya kai shi yawa a duniya.

Asalin abincinsa 'ya'yan ciyawa ne. Idan suka yi ƙaranci, sai garken ya afka wa shinkafa, gero da dawa. Cikin kacalla yake kwana a bakin ruwa, ga kuma madatsar Goronyo da noman rani sun wadata shi da ruwa da hatsi.

Ƙananan manoma ne ke shan wuya, su yini suna kaɗa gwangwani don korarsa. Feshin guba da jirgi yana rage shi, sai dai gubar ba ta ƙyale sauran tsuntsaye.