Injin wasa: dutsen da ke gudun mota a gaban fuskar mai aiki

Da damina ta ƙarato, ko sallar layya ta matso, wurin masu walda da maƙera ba ya rabuwa da jama'a. Daga kasuwar Katako a Yamai har Maraɗi da Damagaram, wannan ya kawo gatari, wancan adda, wani kuma wuƙaƙen yanka. Duka kan injin wasa na bisa tebur suke ƙarewa, kuma sau da yawa yaron shago ake bar wa aikin, don ana ganin shi ne mafi sauƙi.

Ba haka ba ne. Dutse mai faɗin milimita 200 da ke juyi kusan sau 3000 a minti, bakinsa na gudun da ya zarce kilomita 100 a awa. In ya fashe, da wannan gudun gutsattsarinsa za su tashi. Shi ya sa kafin a ɗaura sabon dutse ake rataye shi a yatsa, a ƙwanƙwasa shi a hankali da ƙotar icce. Lafiyayye yana amo kamar ƙararrawa. Wanda ya yi ƙara a dushe, tsagagge ne, ko da ido bai ga tsagar ba. A duba kuma adadin juyin da aka rubuta a jikinsa: kada ya gaza na injin. In an kunna, a tsaya gefe minti ɗaya tukuna.

Inda aka fi sakaci shi ne ɗan ƙarfen da ake dogara kayan aiki a kai. Tsakaninsa da dutse kada ya wuce milimita 3. Dutse na cinyewa kullum, ratar na buɗewa, ranar da bakin kurfi ya faɗa ciki sai ya ja yatsu tare da shi. Gyaransa bai kai minti biyu ba, amma a shaguna da dama an ma cire shi, har da murfin dutsen, wai suna tare hanya.

Da bakin dutse ake wasa, ba da gefensa ba. Kada a danna da ƙarfi: in ƙarfe ya yi shuɗi, zafi ya kashe taurinsa, kaifin ba zai daɗe ba, don haka a riƙa tsoma shi a ruwa. Safar hannu, hannun riga mai faɗi da jelar rawani, duk dutse na iya fizgarsu. Tabarau na kariya kuwa dole ne. In ɓarɓashin ƙarfe ya shiga ido, a nufi likita. Tono da tsinken ashana na iya barin tabo har abada. In kuran ya ɗauke, a kashe injin nan take, kada ya tashi da kansa hannun wani na kan dutse.

Sandar walda ta yau da kullum ba a wasa ta. Wadda ake ferewa ita ce tsinken tungisten na waldar gas ɗin argon, wato TIG. Shi a tsaye ake riƙe shi, zanen dutse ya bi tsawonsa zuwa tsini, ana murza shi da yatsu. In zanen ya gitta, wutar walda sai ta riƙa yawo. Tsawon tsinin ya kai kamar ninki biyu na kaurinsa. A ware masa dutsensa, don ragowar ƙarfe ko alminiyom na gurɓata shi.

A lura da fentin gindinsa. Mai ja, WT20, yana ɗauke da kashi 2 cikin 100 na toriyom, sinadari mai fitar da tiriri kamar uraniyom ɗin Arlit. Riƙe shi ba wani abu ba ne, ƙurarsa ce ba a so ta shiga huhu. Wanda ya samu mai ruwan toka ko mai shuɗi, ya saye su, ba su da toriyom. Wanda ja kaɗai ke hannunsa, ya sa takunkumi mai tace ƙura, ya share garin da jiƙaƙƙen tsumma, ya wanke hannu kafin ya ci abinci.