Zaɓen Darussa: Ƙofar da Ake Rufewa Tun Aji Huɗu

Gabatarwa

A kowace shekara ɗalibai da yawa daga Dutse, Birnin Kudu, Kiyawa da Jahun sukan nemi gurbi a Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a shekarar 2011, wato shekara 20 bayan da aka yanko Jihar Jigawa daga Jihar Kano a 1991. Daga cikin waɗanda ba sa dacewa, akwai masu ƙoƙari ƙwarai. Abin da ya tare su shi ne darasin da suka ajiye shekara uku kafin ranar neman gurbin, lokacin da suka shiga aji ɗaya na babbar sakandare.

Daga Ina Ake Fara Lissafi?

Mai son zaɓen kirki yakan fara daga inda yake son zuwa, sannan ya biyo baya. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, tana jarraba kowane ɗalibi a darussa huɗu: Turanci da wasu uku da suka dace da fannin da ya nema. Mai neman aikin likita sai ya zauna Bayoloji da Kimistiri da Fiziks. Mai neman ilmin tsirrai ko na dabbobi yana buƙatar Bayoloji da Kimistiri, sannan Fiziks ko Lissafi. Bayan haka fannonin kimiyya suna neman kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare, har da Turanci da Lissafi. Saboda haka yaron da ya guje wa Kimistiri don tsoro, ya rungumi Bayoloji kaɗai, ya rufe wa kansa duk waɗannan ƙofofi alhali bai sani ba.

Darasi Daga Dabino

Dalilin wannan sharaɗi yana nan a gonakin dabinon Dutse, garin da Cibiyar Binciken Kwakwar Manja ta Nijeriya take da reshenta na nazarin dabino. Shi dabino namiji daban ne, tamata daban, kuma tamatar ce kaɗai ke 'ya'ya. Idan manomi ya shuka ƙwallo, kusan rabin abin da zai tsiro maza ne, kuma ba zai gane ba sai bayan shekaru, ranar da itacen ya yi fure. Domin haka ne ake son dashen tohon da ke fitowa a gindin uwa, wanda ke ɗauko halinta gaba ɗaya.

Masanin da zai taimaki wannan manomi ba zai wadatu da Bayoloji ba. Kafin ya raini tsiro daga ɗan ƙanƙanin yanki a ɗakin gwaji, sai ya iya auna sinadarai, wannan kuwa aikin Kimistiri ne. Kafin ya ce wannan iri ya fi wancan yabanya, sai ya ƙirga ya kwatanta, wannan kuma Lissafi ne. Ashe darussan da ɗalibi yake gudu su ne duwatsun murhun da tukunyar Bayoloji take zaune a kai.

Bayan An Shiga Jami'a

A jami'a zaɓen yakan sake kama. Akwai kwasa-kwasan dole na sashe, akwai na bai-ɗaya da kowa ke yi, akwai kuma na zaɓi. Kowane kwas yana da nauyi: awa ɗaya ta lacca a mako har ƙarshen zangon karatu ita ce nauyi ɗaya. Ana ninka makin ɗalibi da nauyin kwas kafin a fitar da matsakaicin sakamakonsa, don haka faɗuwa a kwas mai nauyi uku ta fi faɗuwa a mai nauyi ɗaya ciwo sau uku, kuma tabon yakan bi shi har shekarar ƙarshe.

Kurakurai biyu sun fi yawa a nan. Na farko shi ne bin aboki ko bin kwas ɗin da aka ce malaminsa na da sauƙin maki. Na biyu shi ne ɗaukar kaya fiye da ƙarfi a shekarar farko, lokacin da ɗalibi bai gama sabawa da lacca da ɗakin gwaji ba. Abin da ya fi shi ne ɗalibi ya zaɓi kwas ɗin da zai cike masa giɓi. Mai sha'awar tsirrai ya nemi ilmin ƙididdiga ko na ƙasar noma, mai sha'awar cututtuka irin su tsargiya da zazzaɓin cizon sauro ya nemi ilmin ƙwari da na kwamfuta.

Kammalawa

Babban nauyi yana wuyan malaman sakandare, domin a hannunsu yaro yake sa'ad da yake yanke shawarar farko. Ya kamata kafin a raba ɗalibai zuwa ajin kimiyya da na fasaha a zauna da kowannensu, a buɗe masa kundin JAMB, ya ga da idonsa abin da fannin da yake so yake buƙata. Iyaye su ma su sani cewa aikin likita ba shi kaɗai ba ne amfanin Bayoloji a jihar da ke noman dabino da riɗi da zoɓo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.